Reshen da Jibo Ya Ajiye a Mararraba

Jibo taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ina da izinin faɗin aibinsa kafin in faɗi alherinsa. Gajere ne, ƙafafunsa a gwame, kuma in ya fara ba ka labari gara ka nemi wurin zama, domin ba zai kai ƙarshe ba sai inuwa ta juya. Tun muna yara a Tungar Kalgo, kudu da Dogon Dutsi, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Ni in ce masa, "Bawana, ka tashi?" Shi kuma ya ce, "Maikano ɓarawon ƙwai, wa yas sake ka?" Da wannan muka girma, da shi muka yi aure. Ran da na ji ya gaishe ni da ladabi, to ba shi da lafiya.

Sana'arsa tuƙar igiya ce. Yakan shiga fadamar Dallol ya yanko kaba, ya jiƙa, ya zauna ya miƙe ƙafa yana tuƙa. Igiyar gugansa takan yi damina uku ba ta tsinke ba, abin da ya sa Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan girbi suka san ƙofar gidansa. A nan ya ga Altine. Ta zo sayen igiyar ɗaure maraƙi, ta raina wadda ya ba ta, ta ce ko akuyar da ta kwana uku ba ta ci ba za ta tsinke ta. Jibo ya tuƙa mata wata, ta sake rainawa. Kafin Fulanin su tashi ya tuƙa mata igiya tara, kuma duk garin ya gane ba maraƙi ake nufin ɗaurewa ba.

Da aka yi auren, tsofaffin mata suka yi ta gunaguni. Suka ce 'yar daji ba ta zama a ɗaki, ran da shanun ubanta suka yi gaba ita ma za ta bi. Jibo bai kula ba. Suka sami 'ya mace, aka sa mata Fati, kuma na rantse ban taɓa ganin mutum ya lalace a kan 'ya kamarsa ba. Yana tuƙa tana zaune a kan cinyarsa tana warware masa aikin, shi kuwa yana dariya.

Fati tana da shekara uku fara ta zo. Mu shekarar fara muke ce mata, kuma duk wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Gero ya fara fid da kai suka sauko, kafin kwana biyu gonaki sun koma kara tsaye. Rumbuna suka ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Aka ci ganye, aka ci dusa, aka tone gidajen tururuwa ana neman tsabar da suka tara. Duk da haka Nasara bai fasa neman mutanen aikin dole ba. Gardi, wato ɗan sandan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya zo wurin maigari da buƙatar maza goma, kuma Jibo ya ji cewa da sunansa a ciki.

Ya san in ya tafi, zai dawo ya tarar da kabari biyu. Sai ya yanke shawarar gudu. Amma in gida guda ya tashi gaba ɗaya gardi yana gari, za a bi sawu a kamo su. Suka shirya shi ya fita da asuba shi kaɗai kamar mai zuwa yankan kaba, ita kuma ta biyo da Fati bayan kwana uku, in gardi ya tafi. Ba su gaya wa kowa ba, har ni.

Tafiyar rabin yini daga garinmu akwai mararraba a gindin wani gawo. Babbar hanya ta miƙe kudu, ta bi Tibiri har ta kai kogi. Wata 'yar siririya kuma ta kauce gabas, ta ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Daga farko hanyoyin biyu suna tafe kusa da juna, har in jaki ya yi kuka a ɗaya za a ji a ɗayar. Sai an kai wani jan tudu kowace ta kama gabanta. Jibo bai san wadda zai bi ba. Ya ce sai ya isa wurin ya tambayi masu tahowa inda ake samun hatsi.

Yanzu yara ba su san kashe hanya ba, sai in bayyana. A da in mutum ya yi gaba kuma nasa suna biye, in ya kai inda hanya ta rabu sai ya karyo reshe ya gitta a bakin wadda bai bi ba. Ya kashe ta ke nan. Na baya in ya zo sai ya bi wadda ke buɗe. Kowa a yankinmu, wanda ake kira Arewa, ya san reshen da ke kwance a mararraba saƙon wani ne, ba a taɓa shi. In dole ta sa ka ɗaga, to ka mayar inda yake. Altine ta fi kowa sanin wannan, tun tana bin shanu.

"In kin isa, ki dibi ƙasa," in ji Jibo. "Wadda ban bi ba ni kashe ta da reshen aduwa, in ɗaura mai ƙyallen rigag ga tawa. Wadda kig gani buɗe, ita za ki bi. Ina gaba ina jiranku."

Ya isa gawon, ya tarar da masu jakuna suna dawowa daga gabas da dawa a mangala. Ya zaɓi 'yar siririyar. Ya karyo aduwa, ya yagi bakin rigarsa ta saƙi mai shuɗi da fari, ya ɗaura, ya gitta reshen a bakin babbar hanya.

Ga inda na shigo. Da gardi ya nemi Jibo ya rasa, sai ya ce a ba shi ɗan'uwansa. Aka nuno ni. Aikin da aka kai mu shi ne share babbar hanya, domin kumandan zai wuce da mota zuwa Tibiri. Muna cire kututture, muna kwashe ƙaya, muna cike ramuka da hannu. Washegarin tafiyar Jibo, da rana tsaka, muka kai gawon. Na kwana biyu ban sa komai a ciki ba sai ruwa. Gardi ya hangi reshen, ya zabga mini dorina a gadon baya.

"Kai, ɗauke ƙayag ga! Motak kumandan za ta taka ƙaya?"

Na sunkuya na ɗauka na wurga gefe. Ban duba inda ya faɗi ba sai da na ɗago. Ya faɗi a gicciye a bakin 'yar siririyar hanya. Na ga wani ƙyalle a jikinsa, na san saƙon wani ne, har na yi niyyar in dawo in gyara in gardi ya kau da kai. Gardi bai kau da kai ba, muka yi gaba, kuma kafin la'asar yunwa ta mantar da ni.

Jibo ya yi kwana bakwai a bakin wata kasuwa ta can ƙetaren iyaka yana kallon hanya. Ya yi wata guda yana dako yana ajiye musu dawa a ƙullin zane. Ya cika wata uku, sannan ya kasa haƙuri ya dawo. Ya tarar da ɗaki a rufe da asabari, gara ta fara cin turmi. Maƙwabta suka ce ai ta fita tun kwana uku bayansa, da Fati a baya, kuma wani ya gan ta a babbar hanya ta nufi kudu, inda dangin ubanta suka kora shanu. Tsofaffin matan nan ba su ji kunyar cewa, "Ai mun faɗa," ba.

Ranar ya zo ƙofar gidana ya zauna. Bai ce mini ɓarawon ƙwai ba. Ya ba ni labarin duka, ya nuna mini inda ya yage a bakin rigarsa.

"Maikano, da hannuna nik kashe hanyag ga. Ta ga reshen, ta ga ƙyallen, tat tsallake. Mi niy yi mata?"

Na dubi rigar, shuɗi da fari. Irin ƙyallen da na gani a jikin reshen ne sak. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ga idonsa, na ce bari ya ɗan huce zuwa gobe. Kafin goben, mutanen maigari suka zo suka kama shi saboda gudun da ya yi. Da igiyar da shi ya tuƙa aka ɗaure shi. Aka tura shi Yamai ɗaukar dutse, ya yi shekara biyu.

Da ya dawo ya bi babbar hanya har kogi. A Tibiri ba wanda ya tuna wata mace guda cikin ɗaruruwan da suka wuce a shekarar fara. Ya sami dangin ubanta a wani mashaya, suka ce ba su gan ta ba. Gaskiya suka faɗa, amma shi ya ɗauka ɓoye ta suke yi. Ya dawo ƙafafunsa duk faso. Bai koma ɗakinsa ba. Ya kafa rumfa a gindin gawon nan na mararraba, ya binne randa rabi a ƙasa, ya ci gaba da tuƙar igiya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya miƙa masa moɗar ruwa, in ya sha ya tambaye shi ko ya san wata Altine doguwa mai tsaga a goshi, da 'yarta Fati. Da haka sunansa ya koma Jibo Mararraba.

Ba a yi mutum mai sanin hanya irinsa ba, alhali yana zaune wuri ɗaya. Zai gaya maka rijiyar da ta kafe a gaba, da garin da ake kama jakuna. Ba ya karɓar komai. Amma yana da wata tambaya da yake yi wa kowane mai sana'a, har mutane suka fara cewa iska ta taɓa shi. Yakan ce, "A aikinku, in abu biyu sunka tashi tare sunka rabu, suna komowa su gamu?"

Wani masaƙi ya ce masa zare in ya rabu da ɗan'uwansa ƙullawa ake yi, sai dai ƙullin ba ya ɓoyuwa a jikin zane. Jibo ya ji daɗin wannan, ya yi mako yana maimaitawa. Mai haƙar rijiya daga Dogon Kiriya ya ɓata masa rai. Ya ce a wurinsu in rami ya kauce da faɗin yatsa tun daga baki, kafin a kai ruwa ya kauce da kamu guda, kuma ba a gyara shi, sai dai a binne a sake wani. Makiyaya kuwa kullum maganarsu ɗaya, saniyar da ta ware daga garke ƙishirwa ce ke maido ta rijiyar da ta sani. Shi ya sa ya fi son su, yakan ba su igiya kyauta.

Wanda ya fi ƙona masa rai wani mushe ne na lakwal, wato malamin makarantar boko, saurayi mai wando gajere, da kekensa ya lalace a wurin. Ya ɗauki tsinke ya zana layi biyu a ƙasa, sun taso daga ɗigo ɗaya. Ya ce a ilimin lissafi in sun rabu sun rabu ke nan, duk tsawon da suka ƙara sai tsakaninsu ya ƙara faɗi, har abada. Jibo ya sa tafin ƙafa ya goge zanen. Ya ce, "Layinka ba su da ƙahwa, ɗan nan. Mutum yana da." Ranar bai ci abinci ba.

Ni kuwa kullum da hantsi ina tafe da ƙwaryar fura. Bayan yunwa na koma noma wata gona kusa da wurin, kuma ƙafata ce kaɗai ta fitar da 'yar turba daga bukkata zuwa rumfarsa. Mutane suna cewa ba a taɓa ganin taubashi mai zumunci irin Maikano ba. Ina jin yabon ina haɗiyewa. Kada kowa ya yaba mini, tsoro ne ke kai ni. Shekarar farko na ce zan faɗa in ya dawo daga Yamai. Da ya dawo na ce sai ya gama nema, watakila ya same ta, maganar ta mutu. Bayan shekara biyar kuma sai tambayar ta canza, ta koma me ya sa ban faɗa ba tun farko, kuma wannan ba ni da amsarta. Wasanmu ya dawo kaɗan kaɗan. Yakan ce furata ta fi ruwan wanki tsami, in ce bawa ba ya zaɓen abinci. Muna dariya, ina kallon bakin 'yar siririyar hanyar.

Haka har aka cika shekara ashirin da uku da zuwan fara. Aka daina aikin dole, manyan motoci suka fara bin babbar hanya, gashin Jibo ya yi fari fat.

Wata ranar Laraba, bayan girbi, ina zaune yana tuƙa, sai ga jaki daga kudu, mace a kai, namiji yana ja. Ta sauko. Doguwa ce, kuma tun kafin ta yi magana igiyar ta faɗi daga hannun Jibo, domin tafiyar Altine ce sak. Namijin ya yi sallama, ya ce sunansa Issa, masunci ne daga bakin kogi, wannan kuma matarsa ce. Masu kai gishirin Foga ne suka ba su labarin wani tsoho a mararraba da ke cigiyar Altine da Fati.

Jibo ya miƙa mata moɗa. Ba ta karɓa ba. Ba ta kuma durƙusa ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan ƙyalle da ya koɗe, ta ajiye a kan tabarmarsa.

"Inna ta rasu bara waccan," in ji ta. "Ta ce in Allah ya sa nig gan ka, in ba ka abinka."

Ta faɗi sauran a tsaye. Altine ta zo mararraba, ta ga reshen da ƙyallen a bakin hanyar gabas, ta kwance ƙyallen ta bi kudu da murna. Ta yi ta tambaya har kogi. Ta yi daka a gidajen mutane, ta ci dusa ta ba 'yarta tsaki. Bayan shekara ta gamu da wani ɗan Arewa da ya ce ya ga Jibo a ƙasar Ingilishi a lokacin yunwar, yana dako, lafiya lau. Nan ta gane, a nata ganin, cewa gabas ya bi, ya kuma kashe hanyar a bayansa don ya rage baki biyu. Ba ta sake ambaton sunansa ba sai da ta ga mutuwa.

"Ƙarya na!" Jibo ya miƙe, ya tafi bakin babbar hanya yana buga ƙasa da ƙafa. "Nan niy aje shi, ɗiyata. Nan! Na rantse da wanda yay yi ni."

"Inna ba ta ƙarya," in ji Fati. "Can tas same shi." Ta nuna gabas. "Reshe ba ya tahiya da kainai. Ni dai na ida saƙo." Ta juya ta ce wa mijinta ya kawo jakin.

Na dubi Jibo. Ya jira yarinyar nan shekara ashirin da uku, ga ta ta zo, za ta koma tana ɗaukarsa mutumin da ya yar da ita a kan hanya. Ba jarumtaka ce ta tashe ni ba. Na dai ga in ta hau jakin nan ba sauran gobe.

"Fati, tsaya," na ce. "Reshen ya yi tahiya. Ni nid ɗauke shi."

Na faɗa musu duka, gardi da dorina da motar kumandan, da yadda na wurga, da yadda na ga ƙyallen na wuce. Na faɗi ranar da Jibo ya nuna mini rigarsa na yi shiru. Ban rage komai ba. Issa ya sunkuyar da kai. Fati ta daɗe tana kallona, sannan ta koma ta durƙusa gaban ubanta, ta ɗauki moɗar da ta ƙi, ta sha. Ta ce, "Baba." Sai ta fashe da kuka.

Jibo ya dafa kanta. Ya yi mata tambaya ɗaya.

"Har tar rasu tana tsammanin ni nik kashe muku hanya?"

"Har tar rasu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya zage ni, ko ya ɗauki sanda. Da ya yi haka da na ji sauƙi. Sai ya juyo ya dube ni kamar baƙon da ya tsaya shan ruwa.

"Dorina kam na san zahinta, ban riƙe ka da wanga ba," in ji shi. "Amma ran da nin nuna maka riga, tana da rai. Shekara ashirin bayan nan tana da rai. Da ka hwaɗi, da na aika ma kowane mai gishiri shi ce mata ba ni na ba." Ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa. "Sannu da ƙoƙari, Malam Maikano. A gaida gida."

Tun da uwata ta haife ni bai taɓa ce mini Malam ba.

Washegari da hantsi na dama fura kamar kullum, na kama 'yar turbata. Ban san abin da zan ce ba, na dai tafi. Ina dab da gawon na tsaya. An gitta reshen aduwa ɗanye a kan turbar, daga wannan gefe zuwa wancan. Daga inda nake ina hangen su a rumfa, Fati tana zaune kusa da shi tana miƙa masa kaba. Taku ɗaya ya isa in tsallake, hannu ɗaya ya isa in kawar. Na juya da ƙwaryata na koma.

Bayan kwana uku suka tafi da shi kudu, ta babbar hanya, yana kan jakin. An ce ya sa an nuna masa kabarin Altine, ya kuma yi damina biyu a gidan Fati yana tuƙa wa masunta igiya kafin Allah ya karɓi abinsa. Issa ne ya aiko mini da labarin ta bakin masu gishiri.

Rumfar ta faɗi, wani ya tone randar ya tafi da ita. Reshen ya bushe, gara ta cinye shi tun daminar farko, ciyawa ta rufe turbar. Har yau in zan je kasuwar Tibiri, ta bayan gona nake zagayawa.